Tabo Ya Rufe, Mutum Bai Dawo Daidai Ba: Jinyar Tunani da Magana Bayan Buguwa a Ka

Wannan shi ne jawabin da ma'aikaciyar sashenmu na gyaran jiki da magana ta gabatar a taron iyalai, a runfar lafiya, nan Malanville. Mun buga shi yadda ta faɗe shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

Iyayena maza da iyayena mata, yayyena da ƙannena, sannunku da fitowa, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi. Waɗanda Hausa ba ta zauna musu sosai ba su matso gefen dama, akwai ƴan'uwa biyu da za su riƙa mayar da maganar cikin Dendi da Fulatanci. In na yi sauri ku tsayar da ni.

Da tambaya zan fara. A cikinku wa ya san mutumin da ya bugu a ka, ko babur ya kayar da shi, ko an sauke masa sanda ko gindin bindiga ranar da aka tashi garinku, ya suma, ya farfaɗo, aka ɗinke wurin, gashi ma ya tsiro ya rufe tabon, amma har yau mutanen gidansa suna cewa, "Wallahi ba shi ba ne"? To, ga hannuwa nan na gani, sun fi yadda na zata. A kan waɗannan bayin Allah za mu yi magana yau.

Bara na yi aiki da wani magidanci, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Bayan sun baro gida sai ya samu aron babur yana kabu-kabu tsakanin kasuwa da bakin kogi, da shi yake ciyar da mutum bakwai. Wata rana da magariba ya yi karo da amalanke, ba kaske a kansa. Kwana 4 bai san inda yake ba. Ranar da aka sallame shi da ƙafarsa ya fito, kowa ya ce alhamdu lillahi, an tsallake. Bayan wata 3 matarsa ta zo wurina tana kuka. Ta ce, "Malama, mutumin nan ya tsane ni. In ba shi abinci ya ci, a jima ya ce na bar shi da yunwa. Katinmu na rabon abinci sau biyu yana ɓatar da shi. Yaro ya yi dariya sai ya tashi da duka, shi da bai taɓa ɗaga wa yaro hannu ba. Danginsa wasu sun ce iska ce, wasu sun ce ni na yi masa asiri." Har an fara maganar a sa masa mari, ita kuma a sallame ta ta koma gidansu, gidan da yanzu babu shi.

Mutumin nan bai tsani matarsa ba, kuma bai haukace ba. Raunin fata aka ɗinke, na ciki yana nan. Raunin cikin yana da jinyarsa, kuma mafi yawan jinyar a hannunku take, ku da kuke kwana kuna tashi da shi.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, taushinta kuwa kamar na ɗanyen wagashi. Tana zaune cikin ɗan ruwa a cikin ƙoƙon kai. Ku sa wagashi a ƙwarya da ruwa, ku rufe, ku buga ƙwaryar da bango. Ƙwarya tana iya ƙin fashewa, amma abin da ke ciki ya bugi gaba, ya dawo ya bugi baya. Haka ƙwaƙwalwa take yi. Akwai kuma ƙananan jijiyoyi da suka fi gashi siranta, masu kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Girgiza mai ƙarfi tana tsinka su, kuma ko na'urar sikana ba koyaushe take nuna hakan ba. Shi ya sa za a iya ce muku hoto ya yi kyau, alhali mutum bai dawo daidai ba.

Kowane sashe da aikinsa. Bayan goshi nan linzami yake: tsara aiki, haƙuri, kunya, sanin abin da ake faɗa a gaban suruki da wanda ba a faɗa. Gefen hagu, ga mafi yawan mutane, nan magana take. Wani likitan Faransa, Paul Broca, ya nuna haka a birnin Paris. Can ciki, saitin kunnuwa, nan ake ajiye sabon abin da mutum ya ji ko ya gani. Bayan goshi da saitin kunnuwa su suka fi buguwa in an faɗi daga babur. Ga dalilin da ya sa mantuwa da saurin fushi suke kan gaba.

Waɗanda aka ba takardar asibiti, ku duba, za ku iya ganin an rubuta Glasgow da wata lamba. Awo ne da likitoci biyu, Teasdale da Jennett, suka fito da shi a birnin Glasgow a 1974, yana nuna zurfin suma. Daga 13 zuwa 15 rauni mai sauƙi ne, 9 zuwa 12 matsakaici, 3 zuwa 8 mai tsanani. Ku adana takardar nan kamar yadda kuke adana katin rajista, domin duk ma'aikacin da zai taimake ku ita zai fara tambaya.

Alamun da ba a jira da su

Kafin in shiga jinyar gida, ga abubuwan da ba na gida ba ne. In mutum ya bugu a ka, sannan kuka ga yana amai a kai a kai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya danne shi ana tashinsa da ƙyar, ko ya yi farfaɗiya, ko hannu da ƙafar gefe ɗaya sun saki, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko jini ko farin ruwa yana fita ta kunne ko hanci, to a kai shi asibitin yanki na Malanville da Karimama nan take, ko da tsakar dare ne. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi gaba. Babban asibitin koyarwa mai likitocin tiyatar kai yana Paraku, fiye da kilomita 300 daga nan, saboda haka awa ɗaya da aka ɓata a gida babbar asara ce. Kada a ba shi asfirin, domin tana ƙara zubar jini. Tsofaffi kuma a sa musu ido har wata 2 ko 3: wani lokaci jini yakan taru a hankali bayan ƴar faɗuwar da kowa ya manta, sai a ga dattijo ya rikice a ce tsufa ne, alhali abu ne da tiyata ke gyarawa.

Su wa ke wannan aiki, kuma ina suke

A duniya an daɗe da sanin cewa tunani da magana ana horar da su kamar yadda ake horar da ƙafar da ta karye. Lokacin yaƙin duniya na biyu, wani masani ɗan ƙasar Rasha, Alexander Luria, ya yi aiki da sojojin da harsashi ya raunata a ka, ya nuna cewa in wata hanya ta toshe a ƙwaƙwalwa ana iya koya mata ta bi wata. Kun ga yadda aka yi da aka rufe gadar Gaya a 2023: mutane da kaya ba su daina ƙetarewa ba, kwalekwale suka koma. Ya fi wuya, ya fi jinkiri, amma ana isa. Haka jinyar nan take.

Masu gyaran magana, waɗanda ake ce wa ortofonis da Faransanci, kaɗan ne a ƙasar nan, kuma yawancinsu a manyan birane suke, musamman Kwatano, fiye da kilomita 700 daga nan. Masu gashin jiki, wato kine, sun fi su yawa. Ba zan yaudare ku ba, da wuya wanda ke zaune a nan ya samu ganin ƙwararre kowane mako. Amma ko wanda ke ganinsa kullum, awa ɗaya yake yi da shi, sauran awa 23 yana hannun iyalinsa. Abin da zan gaya muku yanzu shi ne abin da ƙwararrun suke koya wa iyali.

Ka'ida ta farko: kaɗan-kaɗan, kullum. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana saurin gajiya, ko da mutum a zaune ya wuni. Minti 10 zuwa 15 na horo, sau biyu ko uku a rana, ya fi awa biyu a zama ɗaya. Da safe ya fi, kafin rana ta yi zafi. Bayan azahar a bar shi ya kwanta. In kun ga ya fara dafe kai, ko ya fara hasala, a tsaya. Ba lalaci ba ne.

Yadda za a yi masa magana

Na san yadda muke zaune a nan: runfa kusa da runfa, rediyo, kukan yara, daka. Mai lafiya yana iya tace muryar da yake so daga cikin hayaniya. Shi wannan tankaɗen nasa ya yage, duk sautin a lokaci ɗaya yake zubo masa. Saboda haka in za ku yi magana mai muhimmanci, a kashe rediyo, a ja shi gefe, mutum ɗaya ya yi magana.

Ku kira sunansa, ku bari ya dube ku, sannan ku fara. Magana ɗaya a lokaci ɗaya. Kada a ce, "Tashi ka yi alwala ka ɗauko katin ka biya ta wurin wane ka karɓo bokiti." Ku ce, "Tashi ka yi alwala." In ya gama, sai na biyu. In kun yi tambaya ku jira. Ku ƙirga goma a zuci kafin ku maimaita. Ba kurma ba ne, ba sai an ɗaga murya ba. Kuma ba yaro ba ne. Maigida yana nan a maigidansa, Inna tana nan a Innarta. Kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya wurin, domin sau da yawa yana fahimtar fiye da abin da yake iya faɗa.

Akwai wanda kalma ke ɓace masa: ya san buta, ya san aikinta, amma sunan ya ƙi zuwa. Kada ku yi saurin cika masa baki. Ku ce, "Me ake yi da ita?" ko "Nuna mini." In ya ƙi zuwa, ku ba shi farkon kalmar: "bu..." In har yanzu shiru, ku faɗa masa, ya maimaita, a wuce. Wanda maganarsa ta yi nauyi ƙwarai a yi masa tambayar i ko a'a, ko a nuna masa abu biyu ya zaɓa: kunu ko shayi? A zana masa hotuna a kwali, ruwa, abinci, bayan gida, ciwo, tabarmar salla, ya riƙa nunawa da yatsa. A nan yawancinmu muna jin harshe biyu ko uku. Wani lokaci harshen da mutum ya sha a nono shi ke fara dawowa. In Bafulatani ya kasa Hausa amma Fulatanci yana fita, a bi shi da Fulatanci. Abin da bakinsa ya saba da shi, gaisuwa, ƙirga, kwanakin mako, surorin da ya haddace tun yana yaro, yakan fita da sauƙi fiye da sabuwar magana. A fara da su, suna ƙarfafa masa gwiwa.

Akwai kuma wanda maganarsa ta yi yawa: ya katse mutane, ya bar zance ya kama wani, ya faɗi abin kunya a gaban baƙi. Ku yi yarjejeniya da shi tun kuna ku biyu, misali in kin taɓa masa gwiwa, ya tsaya ya saurara. Gyara a keɓe ake yi, ba a cikin taro ba.

Mantuwa

Nan ne aka fi samun saɓani a gida. Mutum ya tuna iyakar gonarsa, ya tuna sunan limamin garinsu da shekarar da aka yi ambaliya, amma bai tuna ya ci tuwo ɗazu ba. Sai a ce ai da gangan yake. A'a. Tsohon rumbu yana nan da hatsinsa, ƙofar zuba sabo ce ta lalace. Wani lokaci ma ƙwaƙwalwa takan cike gurbin da labarin da bai faru ba, shi kuma ya yarda da shi har zuciyarsa. Kada ku ce masa maƙaryaci, kuma kada ku tsaya musu. Ku faɗi abin da ya faru sau ɗaya, cikin natsuwa, ku sauya zance.

Abu uku ke taimako. Na farko, komai da wurinsa. Katin rajista da katin abinci da takardun asibiti a sa su cikin leda, a jaka ɗaya, a rataye a wuri ɗaya, kada a sauya. Takalmi, buta, tocila, kowanne da mazauninsa. Na biyu, kowace rana ta yi kama da jiya. Mu Allah ya ba mu agogon da ba ya buƙatar batir: asuba, azahar, la'asar, magariba, isha'i. A ɗaura kowane aiki a jikin salla. Bayan asuba magani, bayan la'asar zagayawa da ɗansa. In yana rikicewa da raka'o'i, ya bi jam'i ko wani ya tsaya kusa da shi. Na uku, a ajiye tunanin a waje. Mai karatu, boko ko ajami, a ba shi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi da abin da zai yi. Wanda ba ya karatu, waya ta isa: a sa ƙararrawa ta lokacin magani, a ɗaukar masa murya yana faɗin abin da aka shirya gobe, a ɗauki hoton ma'aikatan da yake hulɗa da su. Abinci kuma, matar da na ba ku labari dabara ta yi: in ya ci, shi da hannunsa yake jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani. In ya ce bai ci ba, sai su duba tare.

Ga wani kuskure da kusan kowa yake yi da kyakkyawar niyya: jarrabawa. "Wane ne wannan? Ka tuna? Yi ƙoƙari mana!" Mai tsananin mantuwa in ya yi hasashe ya faɗi kuskure, kuskuren ne yake manne masa. Masana a Ingila, cikinsu har da Barbara Wilson, sun nuna haka tun shekarun 1990. Saboda haka a ba shi amsar tun farko: "Wannan ƙanwarka ce, sunanta wance. Faɗi." Ya faɗa. Bayan minti 1 a sake tambaya, in ya samu a jira minti 2, sannan 5, sannan 10, sannan bayan salla. In ya yi jinkiri, a faɗa masa kafin ya yi kuskure, a koma tazarar baya. Abu ɗaya ake koyarwa har ya zauna, kafin a kama wani. A fara da wanda ya fi muhimmanci: hanyar komawa runfarsa, inda kati yake, lokacin magani.

Natsuwa da tsara aiki

Ba ma buƙatar kayan asibiti. Aikin da hannunsa ya sani shi ne maganin. Tsintar shinkafa, ɓarar gyaɗa, ware albasa manya da ƙanana, gyaran koma ga masunci, wasan dara da aboki ɗaya. A fara da minti 5 a wuri shiru, a riƙa ƙarawa. In ya iya a shiru, sai a gwada shi inda akwai ɗan motsi.

Aiki mai matakai, kamar dafa shayi, a raba shi: hura gawayi, zuba ruwa, sa ganye, sa sukari. Yau ya yi na ƙarshe kaɗai, gobe biyun ƙarshe, har ya haɗa duka, wani yana zaune kusa saboda wuta. Ku koya masa tambayoyi huɗu ya riƙa yi wa kansa da baki: Me zan yi? Me nake buƙata? To, na fara. Ya yi daidai? Kuɗi kuma a fara a gida, da dala-dala da ɗari-ɗari, a yi ciniki na wasa. Sannan a raka shi wurin mai tebur na kusa ya sayi abu ɗaya. Kasuwar Malanville da cunkosonta ita ce jarrabawar ƙarshe, ba ta farko ba, kuma da rakiya.

Wani zai wuni a zaune, bai ce uffan ba, bai tashi ya yi komai ba. Shi ma rauni ne, na sashen da ke tayar da mutum. Kada a tambaye shi, "Za ka yi wanka?" A kawo ruwan a ce, "Bismilla, ga ruwa." Amma ku yi hattara da yi masa komai saboda tausayi. Abin da zai iya, a bar shi ya yi, ko da zai ɗauki lokaci.

Fushi

Fushin nan yana da masu kunna shi: gajiya, yunwa, zafi, hayaniya, ciwon kai, da jin an raina shi. Ku lura kwana bakwai, za ku gane lokacin da yake tashi. In ya taso, kada a mayar masa, kada a taru a kansa. A sassauta murya, a janye yara, a ba shi wuri. Yakan sauka da wuri, wani lokaci ma ba zai tuna ba. Wuƙa da adda da taɓarya a nisanta su. Mari da duka da kullewa ba sa gyara ƙwaƙwalwa, ƙara ɓata ta suke yi. Addu'a kuwa a yi ta, ba ta hana magani, magani bai hana ta ba.

Ƴan'uwana mata, ku ji ni da kyau. Cewa ciwo ne ba ya nufin ki zauna a ji miki rauni, ke ko ƴaƴanki. In abin ya kai ga duka, ki zo ki gaya wa ma'aikatan kariya ko mu. Za a rufa miki asiri, kuma akwai taimakon da likita zai iya yi masa. Haka nan wanda kuka ga ya daina cin abinci, yana kuka, yana cewa gara ya mutu, kada a ɗauke shi wasa, a kawo shi ranar. Da yawanku kun ga abin da ido bai kamata ya gani ba kafin ku iso nan. Firgici da raunin kai sukan haɗu a mutum ɗaya, kuma duka biyun ana duba su.

Haɗiya da farfaɗiya

Wanda yake ƙwarewa ko tari in yana sha, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure, abinci na iya bin hanyar huhu ya jawo ciwon huhu. A zaunar da shi tsaye sosai, loma ƙarama, ba hira lokacin ci, kuma kada ya kwanta sai bayan rabin awa. Kunu mai kauri yakan fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya, amma ku kawo shi mu duba. Ba a ɗura wa wanda bai farka sosai ba komai, ko ruwa, ko rubutu.

Wasu farfaɗiya takan same su bayan watanni. Ba a ɗaukarta, ko ta miyau. In ta zo a kwantar da shi ta gefe, a tare kansa da zane, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. In ta wuce minti 5, asibiti. Mai ita kada ya shiga kogi ko kwalekwale shi kaɗai, kada ya zauna bakin wuta shi kaɗai, kada ya tuƙa babur. Maganinta kullum ake sha, ba a yankewa don an ga sauƙi. Maganar azumi a tambayi likita da malami. Matasa, tramadol tana tayar da farfaɗiya ko ga mai lafiya, balle wanda ya bugu a ka. Ita da giya haramiyarsa ne.

Takardu da tambayoyin ofis

Wannan ya shafe mu musamman. A rajista, ko wurin neman takardar mafaka, ana tambayar mutum garinsu, ranar da ya fito, hanyar da ya biyo, ƴaƴansa nawa. Mai raunin kai yana iya faɗin abu yau, gobe ya faɗi wani, a zaci yana ɓoye gaskiya. Saboda haka tun kafin a fara, ku gaya wa ma'aikacin cewa ya taɓa buguwa a ka, ku nuna takardar asibiti, ku nemi a rubuta shi cikin masu buƙata ta musamman, kuma a bar wani nasa ya zauna kusa. Kada ku ƙirƙira masa amsa. Abin da bai tuna ba ya ce bai tuna ba. Kada ya dangwala yatsa a kan takarda, ko ya ci bashi, ko ya sayar da rabonsa, sai wani amintacce yana wurin. Ƙasar Benin tana da doka ta 2017 mai kare haƙƙin masu naƙasa, kuma akwai ofishin jin daɗin jama'a a kowace ƙaramar hukuma. Naƙasar da ba a gani da ido ita ma naƙasa ce.

Zai dawo kuwa?

Ita ce tambayar da kowa ke yi mini. Mai rauni mai sauƙi yawanci yakan warware cikin makonni ko wata 3. Mai tsanani, sauƙin ya fi sauri a wata 6 na farko, ya ci gaba a hankali har shekara 2, wani ma fiye. Wani yakan dawo kusan yadda yake, wani da saura. A 1848, a Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ya shiga ta kumatunsa ya fita ta saman kansa. Ya rayu, amma halinsa ya sauya har ya rasa aikinsa. Bayan ƴan shekaru sai ga shi a ƙasar Chile yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja, aikin da ke son lura da tsari da iya zama da mutane. Ya yi shekara kusan 12 a duniya bayan raunin.

Magidancin da na fara da shi bai koma kan babur ba, ni ma na ce kada ya koma. Yanzu yana zama da ƙaninsa wurin auna shinkafa daga safe zuwa azahar. Har yanzu yana mantuwa, har yanzu yakan hasala in ya gaji. Amma katin yana rataye a wurinsa, gwangwanin tsakuwa ya daina aiki tun da damina, ba a sa masa mari ba, kuma matarsa tana ɗakinta. Da na tara danginsa na yi musu wannan bayani da nake yi muku, babban wansa ne ya fara cewa a raba jinyar: shi safe, ƙanin yamma, ita ta samu ta huta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai jinya in ta faɗi, mutum biyu aka rasa.

Kafin in zauna, samari masu kabu-kabu da masu hawa: kaske. Tun watan Maris na 2024 ƴan sandan ƙasar nan suka tsananta kama direba da fasinja marasa shi. Ni ba tarar nake jiye muku ba. A sa shi, a ɗaure igiyar ƙarƙashin haɓa, domin wanda ba a ɗaure ba shi ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa.

Waɗanda suka ɗaga hannu ɗazu, ina roƙonku, ku kawo mana mutanenku nan runfar lafiya, da takardun asibiti in akwai, da mutumin da ya fi zama da su. Ko raunin ya shekara, ku zo. Za mu zauna mu zaɓi abu ɗaya da za a fara da shi a wannan mako. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Inna, ke da ke can baya, bismilla.